Buhun fulawar Accra ko gilashin Dakar: wanne ya dace da bangonka?

Ƙanena ya kama shago a bakin titi, zai buɗe wurin shan shayi irin na 'yan zamani, mai kujerun katako da fanka da wurin cajin waya a kowane lungu. An gama fenti, an kafa kanta, sai bango guda ya rage fari fat kamar allon da aka wanke. Ranar wata Juma'a da daddare ya zo gidana, ya daɗe yana kai da komo tsakanin abubuwa biyu da na rataye, ɗaya a zaure ɗaya a falo. Can ya ce, "Yaya, kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan nema?"

Na zauren fastar fim ce daga Ghana, an zana ta da hannu a kan buhun fulawa. Wani ƙato ne a jiki, damtsensa ya fi kansa girma, yana riƙe da bindigar da babu maƙerin da ya taɓa ƙera irinta, ga maciji ya naɗe masa ƙafa. Na falon kuwa ɗan zane ne a bayan gilashi daga Senegal, wanda Wolof ke kira suwer: motar haya mai shuɗi da rawaya, fasinjoji sun leƙo ta taga, rago ɗaure a sama. Tunda ba shi kaɗai ya taɓa yi mini wannan tambaya ba, bari in baje amsar a nan.

Sai ka san abin da aka yi kowanne dominsa kafin ka san inda zai zauna lafiya.

Fastar Ghana 'yar talla ce, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. A shekarun 1980 na'urar bidiyo ta yawaita a ƙasar, sai masu wayo suka sayi talabijin da bidiyo da ɗan janareto, wasu su buɗe gidan kallo a unguwa, wasu su ɗora kayan a mota su bi ƙauyuka. Wanda ya ji labarin majigi a bakin iyayensa zai gane abin nan take, sai dai majigi na hukuma ne kuma kyauta, wannan kuwa sai ka biya a bakin ƙofa. Kaset ya zo, amma babu babbar takardar talla a tare da shi, buga mai launi kuma ba abu ne mai sauƙi ba a lokacin. Sai aka koma wurin masu rubuta allon shago. Su kuma suka ɗauko abin da ke da araha a kusa: buhun fulawa na auduga. A warware shi, a wanke, a ɗinke biyu wuri guda, a shafa farin fenti, a zana da fentin mai. Abin da ke fitowa ya kan kai kusan mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya da rabi a tsawo, ya jure rana da ruwa, a naɗe shi a wuce gari na gaba.

Daɗin abin yana nan: sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba. Kwalin kaset kawai aka miƙa masa, ko a ba shi labari a tsaye. Kuma gidan kallo na gaba ma yana da tasa fastar, don haka wanda ya fi tayar da hankali shi zai kwashe 'yan kallo. Sai ka ga an ƙara wa jarumi tsoka a kan tsoka, an danƙa bindiga a hannun wanda bai taɓa riƙe ta a fim ɗin ba, an zuba jini inda babu ko ƙwarzane. Fim na ban dariya ya koma na tsoro, fuskar fitaccen ɗan wasan Amurka ta koma ta wani maƙwabcin mai zane. Finafinan faɗa na Amurka, da na 'yan kunfu na Hong Kong, da na Indiya, da na matsafa na Najeriya da Ghana, duk sun sha wannan gyaran. Wajen shekarar 2000 sana'ar ta durƙushe, domin talabijin ya shiga gidaje kuma injin buga fasta ya yi araha. Masu tara kayan fasaha na ƙasashen waje ne suka tsince ta. Ernie Wolfe, mai gidan baje zane a Los Angeles, ya tara su da yawa tun shekarun 1990, kuma a 2019 gidan adana fastoci na Poster House a New York ya yi musu baje koli na musamman. Sunaye irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J da Stoger da D.A. Jasper, waɗanda a da ake rubutawa a ƙasan buhu ba mai kula, yanzu su ake fara dubawa kafin a yi ciniki.

Suwer daban take tun daga tushe. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa "ƙarƙashin gilashi". Fasahar ta iso Senegal a ƙarshen ƙarni na 19 ta hannun alhazai da fatake da suka ratso Arewacin Afirka, inda aka daɗe ana yin ta, musamman a Tunisiya. Da farko hotunan addini bugaggu ne ake shigowa da su. Gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma William Ponty, wanda ya riƙe kujerar daga 1908 zuwa 1915, ya ji tsoron tasirinsu ya sa aka hana shigo da su. Hanin ne ya raya sana'ar: mutum ya ɗora gilashi a kan hoton da ya rage, ya bi layinsa da tawada, ya samu kwafi. Daga nan aka shiga zana shehunan gida. Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya ya rasu a 1927, hotonsa guda ɗaya tak aka sani a tsawon shekaru, wanda aka ɗauka wajen 1913, yana tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe rabin fuskarsa. Daga wannan hoto guda masu suwer suka fitar da dubban zane, ciki har da wanda ya fi shahara, na sallarsa a kan teku lokacin da Faransawa suka kai shi Gabon a 1895. Akwai na Alhaji Malik Sy, shehun Tijjaniyya na garin Tivaouane, da na Lat Dior, sarkin da ya yaƙi Faransawa, a kan dokinsa Malaw. Daga baya masu zane irin su Gora Mbengue, wanda ya rasu a 1988, da Mor Gueye suka faɗaɗa abin zuwa rayuwar yau da kullum: kishiyoyi suna harara, ɓarawon kaza ya shiga hannu, mace ta ci ado ta kafa ɗaurin kallabi, 'yan kokawa, masunta.

Na taɓa zama kusa da wani mai suwer a Dakar na kusan awa guda, kuma abin da na gani ya canza yadda nake kallon nawa. Ya goge gilashin tas da tsumma, ya ɗauko alƙalami mai tsini, abu na farko da ya rubuta shi ne sunansa, kuma a juye, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Sannan layukan baƙi. Sannan ƙwayar ido, da ɗan kunne, da zanen atamfa. Da suka bushe ya shafa launin fata a kansu ya rufe su ruf, daga ƙarshe ya malala launin sama a kan komai. Ta gefen da yake aiki ba ka ganin komai sai dabbare-dabbaren fenti. Sai da ya juya gilashin mace ta bayyana tana murmushi. Abin da mai zanen buhu zai yi a ƙarshe, shi da shi yake farawa, kuma in ya yi kuskure a ido babu gyara, don ido yana can ƙarƙashin fenti hawa uku.

To, ga inda zaɓin yake. Fasta an yi ta don wanda ke tsallaken titi, suwer an yi ta don wanda ke zaune a ɗaki. Fasta ihu take yi. In ka matsa kusa sai ka ga burushi ya yi gaggawa, yatsun jarumi shida, amma daga taku ashirin ba mai wucewa bai waiwayo ba. Suwer yawanci ba ta wuce girman littafin makaranta zuwa girman kalanda ba. A babban bango ɓacewa take yi kamar ƙuda a faifai, sai dai ka jera biyar ko shida. Amma in ka tsaya gabanta, launin yana sheƙi ta cikin gilashi kamar jiƙaƙƙe, kuma kullum sai ka tsinci wani abu da ba ka lura da shi jiya ba. Ni sai bayan wata biyu na ga ashe yaron motar da ke maƙale a baya takalminsa ƙafa ɗaya ne. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, auna bangon, sannan ka auna nisan da mai kallo zai tsaya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurinmu, kuma dillalan Turai ba za su gaya maka shi ba: wa zai shigo ɗakin? Akwai gidajen da ba a rataye hoton mai rai ko kaɗan, kuma in naka yana cikinsu, fasta ta fita daga lissafi gaba ɗaya, domin da wuya ka ga fastar da ba mai rai a ciki. Suwer tana da ɗan sarari: ana samun ta kuka tsaye ita kaɗai, ko jiragen masunta a bakin ruwa, ko rubutun Larabci da ado. Amma a cikin suwer ɗin ne kuma tarko mafi girma yake. Tsofaffin jigoginta sun haɗa da jirgin Annabi Nuhu, da layyar Annabi Ibrahim, da Annabi Adamu da Hauwa'u, da Buraƙa, kuma a wasu ana zana annabawan da siffar mutum. Abin da wani gida a Dakar ya gada daga kaka ya rataye don neman albarka, a Kano ko Zinder zai iya jawo maka fitinar da ba ka shirya mata ba. Shawarata ka bar waɗannan inda ka gan su. Na shehunai kuwa, gidan da ke da alaƙa da ɗariƙa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Hoton Shehu Ibrahim Inyass yana bangon gidaje da bayan motoci a arewa tun da daɗewa, alaƙar da ta yi ƙarfi bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Sai dai gida daban, shago daban. A wurin shan shayi kowa da fahimtarsa yake shigowa, kuma ko almajirin shehun ba zai ji daɗin ganin hoton malaminsa a saman teburin da ake musun ƙwallo ana zage-zage ba.

Fasta ma tana da nata. Da yawa daga cikin tsofaffin akwai mata rabin tsirara, da yankakken kai, da matsafi yana aman kuɗi. A wani gidan baje zane na Chicago abin dariya ne. A shagon da uba zai shigo da 'ya'yansa, sai a ce maka wane irin wuri ne wannan. Na 'yan kunfu da na sojoji sun fi sauƙin zama. Tawa ma, mai macijin nan, zaure aka yarje mata; uwargida ta ce muddin tana numfashi ba za ta tsallaka zuwa falo ba, kuma ban ja da ita ba.

Sai maganar yanayi. Ƙurar hunturu ba ta dami suwer ba, tsumma ɗaya ya isa, tunda fentin yana bayan gilashi. Rauninta ta baya yake. Kwali ne kawai ake liƙa mata, a bi gefe da tef, kuma in bangon yana tsattsafo da damina kwalin zai sha danshi, fentin ya fara ɓamɓarewa daga gilashin kamar ɓawon gyaɗa. Sa mata firam na katako, ka bar ɗan rata tsakaninta da bango. Fasta kuwa ƙura tana kama ta, kuma ba a wanke ta. Burushi mai laushi busasshe ake bi da shi. Babban abokin gabarta hayaƙin mai. In ka rataye ta kusa da inda ake soya ƙwai da indomi, cikin shekara guda jarumin zai yi maiƙo ya dushe. Kada a ninke ta kamar zane, fentin tsagewa yake yi a kan layin ninki. Naɗe ta ake yi, fentin yana waje. Dukansu biyu ba sa son rana ta dinga dukansu kai tsaye.

Ta fuskar ƙarko babu haɗi. An ƙera fasta don ta sha wahala a bayan mota, in ta yage tela zai ɗinke ta, tabon ma ƙara mata kwarjini yake yi. Suwer in ta faɗi ta mutu, domin zanen a jikin gilashin yake, babu yadda za a ɗauke shi a mayar kan wani. Uku na saya a Dakar. Na naɗe su da jarida na cusa tsakiyar kaya a babbar jaka, na miƙa ta aka jefa cikin jirgi ina ganin na yi dabara. Da na buɗe a gida, ɗaya ta zama tsakuwa, sai rabin fuskar mai sayar da kifi ke kallona daga cikin riga. Laifina ne. A jakar hannu ake sa ta, kwali a tsakanin kowace biyu, a naɗe da zane a ɗaure tam. In gidanka akwai yara masu buga ƙwallo a falo, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Kuɗi fa? A nan suwer ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙanana a kasuwar masu sana'ar hannu ta Soumbédioune ko wajen kasuwar Kermel a Dakar, 'yan dubban sefa ne in ka iya ciniki. Amma araha ba ta ado: yawancin waɗannan daga zane guda ake kwafo su, ka ga mace ɗaya da tulu ɗaya a rumfa goma. Duba layin baƙin. In siriri ne mai tafiya ba rawa, hannun gwani ne. In ya yi kauri yana karkarwa, yaron shago ne ke koyo. Ɗaga ta ka kalli haske ta cikinta, inda fenti bai rufe ba zai nuna. Fasta ta fi tsada ko sabuwa ce. Sababbi a hannun dillalan waje ɗaruruwan dala ne, tsofaffi na ainihi masu sa hannun sanannen mai zane kuwa suna kaiwa dubbai.

Kuma a kan "tsohuwa" ɗin nan ake yanka mutane. Tunda an gane masu saye suna son wadda ta sha yawo, akwai masu zana sabuwa su murje ta a ƙasa su shanya a rana. Ta ainihi za ka ga sunan gidan kallon da ya sa aka yi ta a rubuce a jiki, da ramukan ƙusa a kusurwa, da ninkin da ya ci fenti a inda aka saba ninkewa ba ko'ina ba, wani lokaci da tambarin kamfanin fulawa a baya. Amma duk waɗannan ana iya ƙirƙira su. Ni dai ra'ayina, wanda ba dillali ba ya daina farautar tsohuwa. Da yawa daga masu zanen suna raye suna aiki a Accra da kewaye, kuma suna karɓar aiki: ka faɗi abin da kake so, su zana. Gidan Deadly Prey Gallery na Chicago da wannan ya shahara, yana haɗa masu so da masu zanen Ghana. Mu kuwa ba ma bukatar zagayawa ta Amurka. Accra, wadda kakanninmu fatake ke kira Ankara, cike take da 'yan uwa a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Ba a rasa wanda zai taka ya kai ka ko ya karɓo maka. Kuɗinka ya shiga hannun mai zanen kai tsaye, ka kuma tsara abin da za a sa da wanda ba za a sa ba. Ita ma suwer hanyarta a buɗe take: duk shekara jama'a suna tafiya Kaulaha Maulidi, da yawa ta Dakar suke bi, tazarar ba ta kai kilomita 200 ba. Sai dai ka tabbata wanda ka aika mai haƙuri ne da kaya masu fashewa.

Wani abokina ya ce in ƙara na uku a lissafi, wato ƙananan samfurin akwatunan gawa na ƙabilar Ga ta yankin Accra, irin waɗanda gidan Kane Kwei na Teshie da Paa Joe suka yi suna da su, masu siffar kifi ko jirgin sama ko kwalbar lemo. Gwaninta kam akwai. Amma ka gwada gaya wa Hajiya cewa kifin da ke kan teburinka makara ce, ka ga ko za ta sake cin abinci a gidanka.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne: bangon shago na fasta ne, sabuwa, wadda aka yi dominsa. Bangonsa babba ne, yana kallon titi ta ƙofar gilashi, kuma abin da yake bukata shi ne mai wucewa ya tsaya, ya yi dariya, ya ɗauki hoto ya sa a Instagram, aikin da aka ƙirƙiri fasta dominsa tun farko. Na ce ya rataye ta nesa da murhu, ya kuma gaya wa mai zanen a bar jini da mata. In da falon gidansa yake tambaya, da suwer zan ce, ta rayuwar yau da kullum, biyu ko uku a jere daidai tsayin ido, sama da inda hannun yaro zai kai. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, ko yake gidan haya yana yawan tashi, shi ma ƙaramar suwer a firam mai ƙarfi ta fi masa. Wanda ke son abu guda da zai cika ɗaki ba tare da ya ƙara komai ba, fasta.

Ya yi shiru yana kallon ƙaton zauren. Sai ya ce, "Yaya, in na tura hotona, za su iya zana ni ina riƙe da butar shayi kamar bindiga, wuta tana tashi a bayana?" Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne a wurinsu, damtse ma sai ya ce ya isa. Washegari da safe ya aiko mini da awon bangon, mita biyu da rabi a faɗi, tare da saƙon amaryarsa cewa in an tashi aiken Dakar a sayo mata irin motar nan mai rago a sama.